Ɓatan Baba Kadri a Tashar Atlantic

Mma Fusena ce ta fara ganin jinin. Ranar Talata ce da safe, cikin sanyin Fabrairun 2014, ta sauko matakala da kular wake da shinkafa a hannu, sai ta tarar da ƙofar shagon Baba Kadri mai gyaran takalma a buɗe, fitila a kunne, kujerarsa a kife. Jinin ba shi da yawa. Ya bushe a gefen teburin aiki, ya yi baƙi kamar man takalmi. Hularsa tana ƙasa, rigarsa ta sanyi tana rataye a ƙusa, wayarsa tana cikin aljihun rigar. Shi ne kawai babu.

Wurin wani lungu ne a ƙarƙashin wani tsohon gini na jan bulo a Brooklyn, jikin tashar Atlantic. Ƙofa ɗaya tana hawa titi, ɗayar tana faɗawa cikin tashar, inda jiragen ƙasa da ke zuwa Long Island suke haɗuwa da layuka tara na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shaguna huɗu ne a lungun. Akwai na Baba Kadri, dattijo ɗan Zangon Kumasi. Akwai na Mma Fusena mai abinci, da na Abdou, wani ɗan Birnin Ƙonni mai sayar da kayan waya. Na ƙarshe na Alhaji Saeed ne, mai turare da huluna, mutum mai sanyin murya wanda yakan ja su salla. Mai kula da ginin kuwa Tamimu ne, suna ce masa sufa, kuma duk makullan gidan a ƙugunsa suke.

'Yan sanda sun zo, sun ɗauki hotuna, sun haska ɗakin ajiya da ke ƙasan lungun da tocila, ba su ga kowa ba. Kyamarar tasha ta nuna shigowar Kadri ranar Litinin da safe, ba ta nuna fitarsa ba. Ta ƙofar titi kuwa, ƙanƙara ta rufe mata ido tun ranar Lahadi.

Kafin azahar kowa ya gama yanke hukunci a ransa. Ranar Litinin da rana an ji Abdou yana faɗa da Kadri a kan warin gam da ke korar masa masu saye, har ya ce wata rana da hannunsa zai rufe shagon nan. Yanzu ga shago ya rufu. Masu sayen abincin Mma Fusena, direbobi da masu jinya da suke biyowa ta tashar, sai su ratsa ta gaban Abdou ba sallama.

Da la'asar kuma aka fara jin bugun. Ƙwas, ƙwas, sannan ƙwam. Daga cikin bango yake fitowa, ba a san ta ina ba. Tamimu ya ce bututun ɗumama gini ne, haka yake kuka duk lokacin sanyi. Mma Fusena ta lura Alhaji Saeed ya kunna karatun Alƙur'ani a shagonsa ya ƙara murya, sai ta gane ba ita kaɗai ce tsigar jikinta ta tashi ba.

Ranar Laraba da rana ta hau sama neman Malam Souley.

A bakin titi yake kasa kayansa, safar hannu da lema da hular sanyi, daura da ɗan tsohon ɗakin nan da ya rage tsaye a tsakiyar mahaɗa, wanda a da ta cikinsa ake shiga tashar. Mutumin Dakoro ne, siriri, ya haura sittin. Kafin ya ƙetaro, shekara ashirin ya yi yana bin sawun raƙuman sata, wani lokacin har kusa da Agadas. Mutane sun san da haka, amma suna ɗaukarsa labarin da, domin a garin da ƙasarsa siminti ce me mai bin sawu zai bi?

Shi ma abin da ya faɗa mata ke nan. Ta ce ita dai ta sani idan aka ƙara kwana biyu a haka, wani zai ɗaga hannu a kan Abdou, kuma Kadri ba shi da kowa a ƙasar nan sai su. Souley ya kalli mutane suna kwarara cikin tashar. Sannan ya rufe kayansa da leda, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa.

A shagon Kadri bai ko kalli ƙasa sosai ba, ƙafafu sun riga sun cinye ta. Kantar takalma ya tsaya yana kallo. Kadri mutum ne mai tsari, kowane takalmi da mazauninsa, kuma ƙurar tasha, baƙar ƙurar ƙarfe da birkin jirage ke fesowa, ta kwanta a kan katakon. A layi na biyu akwai gurbi mai tsabta, daidai faɗin takalma ƙafa biyu. An ɗauke su ba da daɗewa ba. Ƙarfen nan mai siffar ƙafa da ake ɗora takalmi a kai a buga shi ma babu shi.

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya zaro wani abu da yatsu biyu. Dunƙulen auduga ne, ya yi dauɗa, ya daskare, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya jujjuya shi, ya sansana, ya naɗe a takarda ya sa a aljihu.

Ya tambayi Mma Fusena yaushe ta ga Kadri na ƙarshe. Ta ce ranar Litinin da azahar, da ta kai masa abinci. Bai ci ba. Ta same shi zaune da hannu cikin wani takalmi, yana kallon bango.

"Mi ya ce miki?"

"Ya ce, Fusena, shekara ashirin da uku ina duban fuskokin mutane, ashe takalmi ne zai gaya mini."

Ta ce ba ta tambaye shi ba, domin ta san inda maganar ta dosa. Kadri yana da ƙane, Abukari, makaniki a Magazin ta Kumasi, unguwar masu gyaran mota. A shekarar 1991 wani abokin aikinsa ya soke shi har lahira a kan wata gardama, ya gudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kadri sau biyu kawai ya taɓa ganin yaron da ya yi kisan. Duk lokacin da ya ambaci maganar sai ya kwana biyu ba ya cin abinci, shi ya sa ta bar shi. Wane irin takalmi ne kuwa, ba ta lura ba. Baƙi ne dai, irin na kowa.

Abdou yana zaune a shagonsa ba mai saye, idanunsa sun yi ja. Da ya ga Souley sai ya miƙe ya ba shi kujera, ya ce, Kawu, wallahi baki ne kawai. Ya ce ƙarfe shida ya rufe ranar Litinin, ya hau jirgi mai lamba huɗu ya tafi gida Highbridge, kuma ya bar Kadri yana aiki. Souley ya ga wani yanka a bayan hannunsa. Abdou ya ce kwali ne. Da aka matsa masa sai ya sauke murya ya ce in ana neman wanda za a tambaya, a tambayi sufa, domin ranar Talata tun kafin 'yan sanda su iso ya gan shi yana wanke matakalar ɗakin ajiya da ruwan zafi.

Souley ya ce masa ya je ya ɗebo masa ruwa a shagon Mma Fusena. Ba ƙishi yake ji ba. So yake ya ga tafiyarsa, zuwa da dawowa.

Souley da Mma Fusena suka sami Tamimu a ɗakin ajiya, zaune a kan bokiti. Ƙato ne, amma da ya ji tambayar sai ya fara share gumi cikin wannan sanyin. Ya ce kullum yana wanke matakalar saboda gishirin ƙanƙara da ake takowa daga titi. Ya amsa cewa ya ga wani ja-ja a kan matakala biyu, ya ɗauka miyar Mma Fusena ce ta zube, sai daga baya ya gane, tsoro kuma ya hana shi faɗa.

Kamar mai neman kuɓuta daga maganar, sai ya shiga ba da tarihin wurin. Tun 1987 yake ginin, ya ce, da idonsa ya ga an rushe tsohuwar tasha, ya ga shekarun da wurin ya zauna kamar kango, ya ga an gina sabuwar ƙofa ta gilashi, ya ga babban filin wasan da ke tsallake ya tashi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa ya fi shekara ɗari da isowa nan. A da duk unguwar kasuwar nama ce, jirgi ke kawo shanu yankakku, kuma wannan ginin na mahauta ne. Ya ce duk lokacin da aka yi sabon gini ba a fasa na ƙasa, toshe shi ake yi a bi ta kai. Ƙarƙashin tashar nan akwai ƙofofin da ba wanda ya san inda suka nufa.

Suna cikin haka Alhaji Saeed ya sauko da shayi kofi uku a kan faranti, yana takowa a hankali. Ya ce ya sa an yi wa Kadri saukar Alƙur'ani a wani masallaci a unguwar Park Hill, ya kuma roƙi Souley kada a zalunci Abdou a kan zato. Souley ya karɓi shayin ya yi godiya. Ya zauna har magariba yana jiran bugun da ake faɗa, bango bai ce komai ba.

Ranar Alhamis, yana idar da sallar asuba ya dawo. Lokacin cunkoso ne, jirage na bin juna, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ya zauna a ƙasan lungun ya jingina kunne da bututun da ya bi gindin bango. Masu wucewa suna kallonsa kamar wanda ya zare. Mma Fusena ta tsaya a kansa da ludayi a hannu.

Wajen ƙarfe takwas ya zo. Ƙwas, ƙwas, ƙwam. Ya yi rauni ƙwarai, sai wanda ya kasa kunne. Jirgi ya shigo, rugugi ya cika wurin, bugun ya ɗauke. Jirgin ya tashi, wuri ya yi tsit, bugun ya dawo. Souley ya ɗaga hannu kada ta yi magana. Wani jirgin ya zo, ya sake ɗaukewa. Ya wuce, ya sake dawowa. Sau huɗu yana gwadawa.

"Mma," ya ce, "bututu ba shi jiran jirgi shi wuce. Wanda ka bugun nan yana son a ji shi."

Ludayin ya faɗi daga hannunta. Ta ce biyu a hankali, ɗaya da ƙarfi, ai haka Kadri yake buga ƙusa a dunduniyar takalmi, shekara goma sha ɗaya tana jinsa ta bango, yaya aka yi ba ta gane ba?

Souley ya bi bututun da tafin hannu, ya sauka matakala, ya shiga ɗakin ajiya, har inda bututun ya shige bango a bayan wata doguwar kanta ta gwangwanayen fenti. Ya tsaya ya duba. Gwangwanin da ya shekara a wuri ɗaya yakan bar zoben tsatsa a ƙarƙashinsa. A nan zobba suna gefe, gwangwanaye suna gefe. An sauke su, an mayar da su cikin gaggawa.

Ya tambayi Tamimu mene ne a baya. Fuskar Tamimu ta sauya. Ya ce ɗakin sanyi ne na mahautan da, ƙofarsa ta fi taƙi kauri, sakatarta ta waje ce, ba ta da mariƙi ta ciki. Shekara takwas ke nan da ya sa kanta ya tare ta, domin ba ya son ganinta. Ya rantse bai tuna da ita ba da 'yan sanda suka zo. Souley ya tambaye shi wa ya san da ƙofar. Ya ce waɗanda suka taya shi jan kantar: Kadri, da Alhaji Saeed, da Abdou lokacin yana sabon zuwa.

Suka sauke gwangwanaye, suka ja kantar. Sakatar ta zame ba gardama. Wani wari ya fito, na tsohon ruwa da tsatsa. Souley ya tare ƙofa da hannu ya ce kowa ya tsaya, Mma Fusena ta kira motar asibiti. Ya karɓi tocilar Tamimu ya haska ƙasa tukuna.

Ƙura ce mai kauri kamar toka, ta shekaru, kuma ta riƙe komai. Ga sawun mutum ɗaya ya shiga da baya, yana jan abu mai nauyi, ga layi biyu na dugadugan wanda aka ja. Ga sawun mutumin ya fito da gaba, taku mai faɗi, na wanda ke sauri. Souley ya durƙusa a kan na ƙafar dama. Dunduniya ta nutse, gefen waje ya nutse, amma ta gaba, inda kowane ɗan Adam ke dannawa idan zai ɗaga ƙafa, ƙurar ba ta ko motsa ba. Ya duba na biyu, na uku, duk haka. A ƙarƙashin waɗannan kuma, can a dushe, akwai wasu tsofaffin sawaye na takalma masu ƙusa, na mutanen da suka daɗe da barin duniya. Da ya ɗaga tocilar sai ya ga ƙugiyoyin rataye nama jere a rufi, suna ɗan lilo saboda jirgin da ke wucewa a bayan bango.

Ya bi gefen bango don kada ya taka komai. A kusurwa ya same shi. Kadri ya ja jiki har gindin bututun, inda ke da ɗan ɗumi, ya kwanta a kan gefensa, jini ya daskare a rabin fuskarsa. Ƙaramar gudumarsa, wadda ba ta rabuwa da aljihun rigar aikinsa, tana hannunsa. Idonsa a rufe, amma hannun yana ɗagawa yana sauka. Souley ya riƙe hannun ya ce, "Ya isa, ɗan'uwa. Mun ji." Sai da ya faɗa sau uku kafin yatsun suka saki.

Aka fita da shi a sume. Ma'aikatan asibiti suka ce ba za su iya cewa zai farka ba.

Wannan ya bar lungun inda yake, har ma ya fi muni, domin yanzu an san mutum uku ne suka san ƙofar. Souley ya yi magana da ɗaya daga cikin 'yan sandan da suka dawo, ya roƙe shi ya tsaya a bakin matakala na ɗan lokaci. Sannan ya ce wa mutanen lungun kowa ya zo la'asar, a yi wa Kadri addu'a.

Masallacin nasu darduma ce doguwa a ƙarshen lungun, bayan wani labule. Alhaji Saeed ya ja salla, muryarsa tana rawa, aka ce tausayi ne. Da aka shafa addu'a, aka juyo, sai aka ga Souley ya riga kowa tashi, ya zauna a bakin dardumar, takalman jama'a jere a gabansa. Mma Fusena tana tsaye jikin labule.

Ya ce shi ba malami ba ne, ba ɗan sanda ba ne, abu ɗaya ya iya. A daji, in ji shi, ɓarawon raƙumi yana iya sauya riga, ya sauya suna, ya sauya takalmi, amma ba ya iya sauya yadda ƙafarsa ke gaisawa da ƙasa. Ya ɗauki takalmin Abdou ya juya shi, ya ce wannan yana tafiya a kan yatsu kamar mai tsoron makara, ba shi ba ne. Abdou ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Ya ɗauki na Tamimu, ya ce wannan yana jan ƙafar hagu, kuma da shi ne ya shiga ɗakin nan da sawun ya ninka wanda ya gani zurfi.

Sannan ya zaro takardar daga aljihu ya buɗe. Ya ce ya tsinci wannan audugar a ƙarƙashin teburin Kadri, ya kwana yana tunanin me zai sa auduga ta daskare da wannan siffar. Sai yau da ya ga sawu a ɗakin sanyi ya gane. Mutumin da ya ja Kadri ba shi da babban yatsa a ƙafar dama. Yana cusa auduga a gurbin don takalmi ya zauna. Ya kai wa Kadri gyara, ya manta bai cire ba, Kadri ya sa hannu ya ji ta.

Jirgi ya wuce a ƙasa, labulen ya kaɗa.

Souley ya jawo wasu baƙaƙen takalma sababbi, ƙasansu ko gogewa bai yi ba. Ya sa yatsu biyu cikin na dama, ya zaro dunƙulen auduga fara, ya ajiye ta kusa da tsohuwar. Tsawonsu ɗaya.

"Alhaji," ya ce, "shekara nawa kana alwala a nan, wa ya taɓa ganin ka tuɓe safa?"

Alhaji Saeed ya dubi audugar biyu ya daɗe. Bai musa ba. Da ya buɗe baki, Hausar da ta fito ba irin wadda suka saba ji a bakinsa ba ce, ta Zangon Kumasi ce tsantsa. Ya ce inji ne ya faɗo masa a ƙafa yana ɗan shekara sha bakwai, a garejin da suke aiki da Abukari, duk Magazin an san shi da wannan. Ya ce da ya fara kama shago a lungun nan bai san ko wane ne Kadri ba, da ya sani kuma sai ya ga Kadri bai gane shi ba, ya zauna. Shekara tara suna cin abinci a kwano ɗaya. Ranar Litinin da yamma, bayan kowa ya rufe, ya je karɓar takalminsa. Kadri bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba. Ya miƙo masa takalmin ya ce, ga shi, Braimah.

"Shekara ashirin da uku ba wanda ya kira ni da sunan nan," ya ce. "Ban san lokacin da na ɗauki ƙarfen ba."

Ya ce a lokacin ya tabbata Kadri ya mutu. Da bugun ya fara ranar Talata, shi kaɗai ne a lungun ya san daga inda yake fitowa, kuma ya ɗauka mamacin ne ya zo kiransa.

Mma Fusena ta saki labulen. A hankali ta yi maganar. "Kana jinsa yana bugawa, kwana uku, ka sauko ka kawo mana shayi?"

Ya ce sau biyu ya je bakin kantar ya tsaya. Yana tsoron ya buɗe ya tarar da gawa, yana kuma tsoron ya buɗe ya tarar da mai rai. Bai buɗe ba.

Shi da kansa ya miƙe ya nufi matakala inda ɗan sandan yake. Ya tafi da safa kawai, ba wanda ya miƙa masa takalmansa.

Kadri ya farka bayan kwana biyar. Da aka yarda a gan shi, Souley ya je da rana, ya same shi an naɗe masa kai, hannunsa na dama yana rawa a kan bargo. Likita ya ce zai tashi, amma da wuya ya sake riƙe guduma. An riga an gaya masa komai. Game da Braimah abu ɗaya kawai ya ce, shi ba kama shi ya yi niyya ba, so yake ya tambaye shi ko Abukari ya yi wata magana kafin ya cika.

Souley ya tambaye shi yadda ya yi a cikin duhun. Kadri ya ce jirage ne suka riƙe masa hankali. Idan suka fara bin juna ba hutu, ya san gari ya waye, sai ya yi asuba a kwance. Idan suka yi sauƙi, rana ta take. Idan suka sake yin yawa, la'asar ta wuce, mutane suna komawa gida. Ya ce yana jin dubban mutane suna wucewa a bayan bango, ya yi ihu har muryarsa ta mutu, sannan ya tuna da gudumar.

Sai kuma ya kama hannun Souley.

"Malam, akwai wanda nake so ka gode mini. Wanda ya riƙa kawo mini ruwa."

Souley ya ce wane ne?

Ya ce bai ga fuskarsa ba, duhu ne. Sau biyu ya zo. Ya ɗaga masa kai ya ɗora a kan cinyarsa, ya ba shi ruwa a wani kofi na ƙarfe, hannunsa mai kaushi da sanyi, bai ce uffan ba. Kadri ya ce shi yana zaton Tamimu ne, tsoro ya hana shi fitar da shi, kuma ya yafe masa. In ba don ruwan nan ba, da bai kai Alhamis ba.

Souley ya dubi taga. Ya san zazzaɓi da rauni a ka suna nuna wa mutum abubuwa, ya kuma san tsohon bututu yakan yi ɗigo. Amma shi ne ya karanta ƙurar ɗakin nan kafin kowa ya taka ta, taku bayan taku, daga bakin ƙofa har kusurwa. Shiga ɗaya ce, fita ɗaya. Kuma bututun da ya taɓa a gindin bangon a bushe yake.

"Zan isar," ya ce.

Ya koma bakin titi ya buɗe kayansa. Har ya bar sana'ar bayan shekara huɗu, bai sake sauka lungun ba. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, idan zai hau jirgi sai ya zagaya ta babbar ƙofa, Mma Fusena kuwa ta gaji da tambaya, ta koma aiko masa da abincinsa sama.